Leymah Gbowee: Ɗalibar da Ta Koma Majami'ar Bitrus

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 1989 aka yi biki a wani gida a Monrobiya, babban birnin Laberiya. 'Yar gidan, Leymah Gbowee, ta gama makarantar sakandare tana da shekara 17, dangi da maƙwabta da 'yan ikkilisiya suka taru domin su taya iyayenta murna. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ta kuwa riga ta ƙudura a ranta za ta shiga jami'a ta zama likita. Kwana kaɗan kafin bikin, ran 24 ga wata, watau jajiberin Kirsimati, waɗansu mutane ɗauke da bindigogi, waɗanda ba su kai 200 ba, suka ƙetaro iyaka daga Kwaddibuwa suka shiga lardin Nimba. Shugabansu shi ne Charles Taylor, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ya gudu daga ƙasar bayan an zarge shi da cin kuɗin hukuma. Labarin ya iso Monrobiya, amma bai hana kowa cin shinkafarsa ba. Nimba da nisa take, mutanen birni kuma sun ɗauka soja za su je su kwantar da abin cikin mako biyu ko uku.

Domin mai karatu ya gane abin da ya biyo baya, sai an koma baya kaɗan. Tun daga 1822 baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta a Amurka suka fara sauka a wannan gaɓar teku, a 1847 kuma suka kafa ƙasar Laberiya. Su da jikokinsu suka riƙe mulki fiye da shekara 130, alhali kuwa ba su da yawa in an gwada su da kabilun da suka tarar a ƙasar. Ran 12 ga Afrilu 1980 wani ƙaramin soja, Samuel Doe, mutumin kabilar Krahn, ya kashe Shugaba William Tolbert ya hau kujera. Bayan kwana goma aka ɗaure manyan gwamnati 13 a bakin teku aka harbe su a gaban jama'a. Da fari talakawa sun yi murna, gama sun ce ɗan ƙasa ya karɓi mulki. Amma Doe ya cika rundunar soja da 'yan kabilarsa. A watan Nuwamba 1985 tsohon abokinsa Thomas Quiwonkpa, mutumin Nimba, ya yi ƙoƙarin kifar da shi bai yi nasara ba, sai sojan Doe suka huce haushinsu a kan kabilun Gio da Mano na wannan lardi. Taylor ya san wannan tsohon miki sarai, shi ya sa ya shigo ta Nimba.

Abin da ya zata kuwa shi ya faru. Sojan gwamnati suka isa Nimba, ba su tsaya rarrabe ɗan tawaye da manomi ba, suka ƙone ƙauyuka, suka karkashe mutane. Dubban jama'a suka tsere zuwa Gini da Kwaddibuwa. Samarin da aka kashe wa iyaye suka bi Taylor, rundunarsa ta yi ta kumbura kamar kogi da damina, su ma suka shiga farautar 'yan Krahn da Mandingo, waɗanda suka ce magoya bayan Doe ne.

A daidai wannan lokaci Leymah ta fara karatu a Jami'ar Laberiya. Ita da kanta ta faɗa daga baya, cikin littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 2011, cewa a watannin nan yaƙin bai dame ta ba. Ba za a ce mugunta ce ta sa ba. Ita 'yar kabilar Kpelle ce, wadda ba ta cikin waɗanda ake farauta, mahaifinta yana da aikin gwamnati, mahaifiyarta tana aikin ba da magani a asibiti, gida kuwa akwai abinci. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma kafin mutum ya shafa ruwan, sai ya fara yarda cewa mai gemun ɗan'uwansa ne. Ga yawancin 'yan birni, mutanen Nimba mutanen daji ne kawai, waɗanda ake jin labarinsu a rediyo.

Da damina ta kama, yaƙi ya matso. A watan Mayu garin Buchanan mai tashar jiragen ruwa ya faɗa hannun 'yan tawaye, a farkon Yuli kuma suka iso bakin Monrobiya. Aka rufe jami'a. Wutar lantarki ta ɗauke, ruwan famfo ya tsaya, shinkafa ta ɓace daga kasuwa har mutane suka koma cin ganyaye da zuciyar itacen kwakwa. Rundunar tawaye ta rabu biyu, Prince Johnson ya ja nasa mutane, birnin ya zama fagen fama na ƙungiyoyi uku. A kowace hanya aka kafa shinge. Mai bindiga zai tambayi mutum kabilarsa, ya sa shi ya yi magana da harshen, in harshen bai gamshe shi ba sai a ja mutumin gefe. Yarinyar da take shirin koyon yadda ake warkar da jiki ta fara ganin gawawwaki a bakin titi, ba mai ɗauka.

Iyalin Leymah 'yan ɗarikar Lutharan ne, majami'arsu kuwa ita ce ta Bitrus Mai Tsarki a unguwar Sinkor. Can suka nemi mafaka. Sun tarar harabar ta riga ta cika, gama tun daga ƙarshen Mayu, sa'ad da soja suka kai hari kan masu gudun hijira a harabar Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan Gio da Mano suka yi ta kwararowa. Kafin ƙarshen Yuli mutum wajen 2,000 ke kwana a cikin majami'ar da makarantar da ke gefenta, mafi yawansu mata da yara. An kafa tutar ƙungiyar agaji ta Red Cross domin kowa ya sani wurin mafaka ne. Duk wanda ya taɓa kwana a harabar majami'a ko a barikin soja lokacin tarzoma ya san irin wannan zama: tabarma kusa da tabarma, kukan jarirai, layin ruwa, da addu'ar da ba ta yankewa. A nan ne Leymah ta fara zama kafaɗa da kafaɗa da mutanen da dā take jin labarinsu daga nesa. Ta ga ashe matar Nimba ma tana raba ɗan abincin da ta samu ga 'ya'yanta ta kwana da yunwa, kamar yadda uwar kowa za ta yi.

Tun zamanin Tsohon Alkawari mutane suka san cewa wanda ya ruga ya kama ƙahonin bagade yana roƙo ne a bar shi da ransa. Adonija ya kama ya tsira a ranar, Yowab ya kama bai tsira ba. Mutanen da ke majami'ar Bitrus sun sa zuciya ko sojan da ba ya tsoron hukuma zai ji tsoron ɗakin Ubangiji. A daren 29 ga Yuli 1990 sojan gwamnati kamar 30 suka haura katanga. Suka yi ta harbi cikin mutanen da ke kwance, sa'an nan suka bi da adduna. Kafin gari ya waye mutum wajen 600 sun mutu. Waɗansu sun tsira ne domin gawawwaki sun danne su, suka yi lamo kamar matattu. Leymah da iyalinta sun bar harabar ba da daɗewa ba kafin wannan dare. Waɗanda ta yi layin ruwa da su, da yaran da suka yi wasa a gabanta, da yawansu suna cikin waɗanda aka binne daga baya a manyan ramuka a filin majami'ar.

Ran 24 ga Agusta rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta sauka a Monrobiya, sojan Nijeriya ne mafi yawa a cikinta. Ran 9 ga Satumba mutanen Prince Johnson suka kama Doe, suka azabtar da shi har ya mutu. Leymah da mahaifiyarta da waɗansu 'yan'uwanta suka samu shiga jirgin ruwa zuwa Gana, aka sauke su a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam, yamma da Akara.

A nan mai ba da labari yakan so ya ce idon yarinyar ya buɗe, ta tashi ta zama mai neman salama. Ba haka aka yi ba. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma gani bai kawo ganewa nan da nan ba. Abin da daren majami'ar ya bar mata shi ne fushi da ɗacin rai, har bangaskiyarta ta yi sanyi, tana tambaya ina Allah yake sa'ad da ake yanka masu kiran sunansa a cikin ɗakinsa. Ta koma Laberiya a 1991 ta tarar jami'a ta zama kango. Ta shiga zama da wani mutum mai dukanta, ta haifa masa 'ya'ya. Wahalar kanta ta isa ta cika mata ido, ba ta da sauran wurin duban ta wani. Wanda yunwa da duka suke ci ba safai yake da ƙarfin tunanin maƙwabci ba, kuma ba daidai ba ne mai ƙoshi ya zarge shi.

Ƙofa ta fari ta buɗe ne ta wurin wani ɗan gajeren horo na wata uku da UNICEF ta shirya, domin koya wa mutane yadda za su yi wa waɗanda yaƙi ya gigita magana. Ana cikin koya musu alamun macen da ake zalunta a gida, sai ta ga ai hotonta ake zanawa. Ta kuma yi aiki da matan Saliyo da suka gudo daga nasu yaƙin, waɗanda da yawansu an yi musu fyaɗe. Amma faɗa ya sāke ɓarkewa a Monrobiya a watan Afrilu 1996, ta sāke gudu zuwa Gana, inda ita da yaranta suka sha yunwa ƙwarai. Daga bisani ta kwashe su ta hau mota bashi, ta yi fiye da mako guda a hanya, ta komo gidan iyayenta ba ta da ko kwabo. A watan Yuli 1997 aka yi zaɓe, Taylor ya ci da kashi 75 cikin 100. Mutane da yawa sun jefa masa ƙuri'a ne don tsoron kada ya koma daji in ya faɗi.

A 1998, tana da shekara 26 da 'ya'ya huɗu, ta nemi komawa makaranta. Akwai kwalejin ɗarikar Katolika mai suna Mother Patern a Monrobiya, inda ake koyar da aikin taimakon jama'a, amma ana so mai neman shiga ya nuna ya taɓa yin aikin. Domin ta cika wannan sharaɗi ta ba da kanta aikin sa kai a wani shiri na ikkilisiyar Lutharan, na warkar da raunin zuciya da sulhunta mutane. Ofishin shirin kuwa a harabar majami'ar Bitrus yake. Kowace safiya sai ta shiga ta ƙofar da ta fita shekara takwas da suka wuce, ta taka filin da aka binne mutanen.

Aikin da aka ba ta shi ne wanda ta fi ƙi. Aka tura ta wurin tsofaffin yaran Taylor. Tun farkon yaƙi rundunarsa tana da wani sashe da ake kira na Ƙananan Yara, inda ake ɗibar yara, waɗansu ba su kai shekara goma ba, a ba su ƙwaya da bindiga a sa su tsaron shinge. Ba a jin tsoron kowa a Laberiya kamar su, gama babba yakan ji roƙo, yaron da ya sha ƙwaya kuwa ba ya ji. Da maigidansu ya hau mulki, waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu ko ido aka watsar da su suna bara a titi. Mutane sukan tofa musu yau. Leymah ma ta ƙi jininsu, tana ganin su ne suka cinye mata ƙuruciya. Su kuma ba su zo da tuba a baki ba. Sun zo da zagi da barazana da alfahari da abin da suka aikata.

Amma aikinta shi ne ta zauna ta ji, ta kuwa zauna. Sannu a hankali lissafi ya fara fito mata. Saurayin da ke gabanta mai shekara 18, a 1990 shekararsa goma. Ran da take kwance a tabarmar majami'a, shi yana wani ƙauye ana kashe uwarsa, ko kuwa ana miƙa masa bindigar da ta kusa fin shi tsawo. Bai iya karatu ba, ba shi da sana'a, ƙauyensu ba za su karɓe shi ba domin sun san abin da ya yi, wanda ya yi wa yaƙin kuma yana wucewa cikin jerin motoci ba ya ko waiwaye. Wannan bai wanke shi daga jinin da ya zubar ba, ita ma ba ta ce ya wanke shi ba. Sai dai ta gane cewa jerin waɗanda yaƙi ya cinye ya fi yadda ta zata tsawo, har ya haɗa da waɗanda aka yi cinyewar da hannunsu. Tana kallonsu tana tuna nata 'ya'ya maza, ta san in yaƙi ya dawo ba abin da zai hana a ɗebe su.

Shugabanta a wurin aikin, Fasto Bartholomew Colley, bai bar ta da tausayi kaɗai ba. Ya matsa mata ta yi karatu. Ta karanta Martin Luther King da Gandhi, da John Howard Yoder na ɗarikar Mennonite, da Hizkias Assefa masanin sulhu. Ɗalibar da dā take ganin yaƙi kamar annoba ce da ta faɗo daga sama ta fara tambayar wa yake cin ribarsa. Amsar ba a ɓoye take ba: katako da ƙarfe da roba na Laberiya, da lu'ulu'un Saliyo, su ake sayarwa a sayo bindigogi. Aikin ya kuma kai ta ƙauyuka, inda ta lura da abu guda a ko'ina. Mata ne suka ɓoye maza da yara, su suka yi tafiyar mil da yawa neman abinci, su aka yi wa fyaɗe, amma in an zo zaman sulhu masu bindiga kaɗai ake kira. Ta gama kwalejin a 2001.

A lokacin yaƙi ya riga ya dawo, gama tun 1999 wata sabuwar ƙungiyar tawaye, LURD, ta taso daga arewa. Wata lauya 'yar Nijeriya, Thelma Ekiyor, ta kafa ƙungiyar matan Afirka ta Yamma masu aikin salama, Leymah ta zama shugabar reshen Laberiya. A tarurrukansu sukan keɓe dare guda da suke kira sauke kaya, kowace mace ta faɗi abin da aka yi mata, sau da yawa abin da ba ta taɓa gaya wa ko mijinta ba. A 2002 ta ce ta yi mafarki an umarce ta ta tara mata su yi addu'a domin salama. Ta ji kunya, tana ganin mace mai 'ya'ya ba aure ba ta isa a aike ta ba, amma matan ikkilisiya suka ce wanda aka ba saƙo shi zai kai. Suka fara taruwa. A wani taro a majami'a wata 'yar sanda Musulma, Asatu Bah Kenneth, ta miƙe ta yi alkawari za ta kawo matan Musulmi. Waɗansu masu bi suka yi gunaguni, suna cewa ba a haɗa haske da duhu. Amsar da aka ba su tambaya ce, ko harsashi yana bambanta Kirista da Musulmi.

Daga watan Afrilu 2003 dubban mata sanye da fararen riguna suka zauna a wani fili kusa da kasuwar kifi, a bakin hanyar da Taylor yake bi kowace rana, rana ta dake su ruwa ya dake su. Ran 23 ga Afrilu ya yarda ya gan su, Leymah ce ta karanta saƙonsu a gabansa. A watan Yuni aka buɗe taron sulhu a Gana, mai shiga tsakani kuwa shi ne Janar Abdulsalami Abubakar, tsohon shugaban Nijeriya. Mako ya bi mako, shugabannin yaƙi suna kwana a otal suna jayayya kan muƙamai, bama-bamai kuwa suna faɗuwa a kan jama'a a Monrobiya. A ƙarshen Yuli matan, su kamar 200, suka zauna a ƙofar zauren suka sarƙe hannu, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Da masu tsaro suka zo kama Leymah, ta fara kwance ɗankwalinta, ta ce za ta tuɓe. A ƙasarsu, kamar a wurare da yawa na Afirka, uwa ta tuɓe a gaban namiji la'ana ce, sai suka ja da baya. Janar Abdulsalami ya goyi bayan matan, ya kora wani shugaban tawaye da ya nemi tsallake su ya koma ciki. Ran 11 ga Agusta Taylor ya sauka ya tafi Kalaba, ran 18 ga wata aka sa hannu kan yarjejeniya. Ba matan kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin ba, gama 'yan tawaye sun riga sun kewaye birnin, kotun Saliyo kuma tana neman Taylor, amma su ne suka hana taron ya watse. An ƙiyasta mutum wajen 250,000 suka mutu tsakanin 1989 da 2003.

A 2011 aka ba Leymah Gbowee lambar Nobel ta zaman lafiya, tare da Shugaba Ellen Johnson Sirleaf da Tawakkol Karman ta Yaman. A 2012 aka yanke wa Taylor ɗaurin shekara 50, amma saboda laifofin yaƙin Saliyo ne, ba na ƙasarsa ba. Maganar majami'ar Bitrus kuwa sai a Amurka aka kai ta gaban alƙali. Mutum huɗu da suka tsira daga daren suka kai ƙara a Filadelfiya, a watan Satumba 2021 kotu ta ɗora alhakin kisan a kan wani tsohon kanar, Moses Thomas, a 2022 kuma ta ce ya biya su dala miliyan 84. Shi kuwa ya riga ya koma Laberiya. A watan Mayu 2024 Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu kan umarnin kafa ofishin da zai shirya kotun laifofin yaƙi. Har zuwa lokacin, kusan shekara 34 bayan kisan, ba wanda kotun Laberiya ta taɓa gurfanarwa saboda mutum 600 na daren 29 ga Yuli.